Shekara Goma a Layi Ɗaya

Ku gyara zama jama'a, yau labarin nawa da daɗi, amma sai kun bari na faro muku daga inda yake da ɗaci.

Sunana Rinske, 'yar masu gidan burodin nan na bakin tashar jiragen ruwa a Harlingen. Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran jirgin tsibiri da safe ya san ƙamshin burodin sikarinmu, wataƙila ma ni na naɗe masa. Ina da shekara goma sha tara mahaifina ya rasu, na saka farar rigar aiki na tsaya kusa da mahaifiyata, Mem. Cewa aka yi na wata shida ne, kafin hankalinta ya kwanta. To, wata shidan nan ne ya yi ta haihuwa har ya zama shekara goma.

Kada ku ce na raina sana'ar gidanmu. Ita ta ciyar da ni, ita ta tufatar da ni. Abin da nake so kawai shi ne in san ko ina da wata daraja a wurin da ba a san ni da "'yar gidan Terpstra" ba.

Mem kuwa ta riga ta gama tsara mini rayuwa har zuwa tsufa. Ta sa an yi wa ɗakunan saman shago fenti ruwan madara, ta rataya labule masu ratsin shuɗi, har da gado na mutum biyu, wai "don baƙi". Baƙin da duk garin ya san sunansu: Douwe.

Douwe dai shi ne saurayina. Dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofar kicin ɗinmu, ga fara'a, ga tsabta, takalminsa kullum kamar madubi. A garin Leeuwarden yake aiki, a wani kamfani mai samo wa ma'aikatu ma'aikata, wato aikinsa ke nan karanta CV, takardar tarihin aikin mutane, daga safe har yamma. Ina son sa, wannan ba a ɓoye yake ba. Ya sha kawo maganar aure, ni kuma ina ce masa ya bari in fara tsayawa da ƙafata. Mem ko kullum ranar Lahadi shi take ba tsokar da ta fi girma, tana harara ta ta gefen ido.

Da na ce zan fara neman aiki, shi ya zauna ya rubuta mini CV da hannunsa.

"Abin ba wuya," in ji shi. "Bin shekaru ake yi. Aikin ƙarshe a sama, na baya a ƙasa, kowanne da lokacinsa. Shi kowa ya sani, shi kowa ya yarda da shi."

Da ya gama ya juyo mini kwamfutar. Sunana. Makarantar da na gama. Sai layi ɗaya tal: mai sayarwa, gidan burodin Terpstra, shekara goma. Sauran takardar fari fat kamar an zubar da fulawa.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "To wani aikin kika taɓa yi?"

Na karɓi CV ɗin a haka.

Haka na yi ta aikawa. Amsoshin kuwa kamar uwa ɗaya ta haife su: mun gode da sha'awarki, amma mun samu wanda ya fi dacewa. Wasu ma ko godiyar babu. Duk ranar da irin wannan saƙo ya shigo, Mem sai ta ce, "Ayya 'yata, su suka yi asara," ta yanko mini kek, amma ina kallon gefen bakinta yana rawa don murna. Uwa ta gari kenan, tana jajanta maka tana godiya ga Allah a zuci.

Ana nan sai na ga talla. Kamfanin jiragen da ke kai mutane tsibirai yana neman wanda zai riƙe harkar abinci a jiragensa: sayen kaya, hulɗa da masu kawowa, rabon aiki ga ma'aikatan kanti. Na karanta har sau ba adadi. Wannan ai abin da nake yi ne kullum, bambancin kawai shagon nasu yana tafiya a kan ruwa.

Ranar Litinin ba ma buɗewa, sai na hau kekena na tafi laburaren gari, inda ake zaman taimaka wa masu neman aiki. Can ne matar da ke koyarwa ta nuna mana ashe CV iri biyu ne. Akwai mai bin shekaru, irin na Douwe. Akwai kuma mai jera ƙwarewa: ka fara da abin da ka iya, ka kasa shi gida-gida, wuraren da ka yi aiki su biyo baya. Ta ce na farkon ya fi wa wanda ya yi ta hawa tsani mataki-mataki, na biyun kuma ga mai son canza layi, ko wanda sunan muƙaminsa bai faɗi rabin abin da yake yi ba.

Wallahi ji na yi kamar da ni kaɗai take magana.

Kuskuren da na tafka shi ne kawo zancen a teburin Lahadi. Muna zaune mu huɗu: ni, Mem, Douwe, da kakata Beppe, wadda ta haifi mahaifina, tana ta fama da dankali da naman da ta ce ya fi ƙarfin haƙoranta. Na miƙa wa Douwe abin da na fara rubutawa a waya.

Ko rabi bai karanta ba ya ajiye cokali. "Rinske, wa ya ba ki wannan shawarar?"

"Me ya faru da ita?"

"Wannan ai ta masu ɓoye-ɓoye ce. Wanda aka kora, ko wanda ya yi shekaru ba a san inda ya shiga ba. Mu a ofis da mun ga an cika mu da 'na iya, na iya' babu shekaru, kwandon shara muke nufa da ita."

"Ni me na ɓoye?"

"Ba ki ɓoye ba, amma za a zata kin ɓoye."

Mem ta karɓi wayar, ta ɗaga ta nesa da idonta. "Ina sunan gidanmu? Ban ga Terpstra ba."

"Zai zo a ƙasa, Mem."

"A ƙasa." Ta ajiye wayar a hankali kamar ƙwai. "Sunan ubanki ne zai zo a ƙasa. To madalla."

Beppe ta kira Mem da sunanta na yanka ta ce, "Ke Hiltsje, bar yarinya. Shi ma mai sunan ai a ƙasan yake, bai kuma yi ƙorafi ba."

Ba wanda ya yi dariya sai ita kaɗai.

Mem ta juyo gare ni, muryarta ta yi sanyi, irin sanyin da ya fi faɗa ciwo. "Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. Ga shago, ga ɗaki a sama, ga yaro mai hankali yana jira kamar mai bin bashi. Ki ba shi amsa ki zauna. Me kike nema a waje da babu a nan?"

Na kalli Douwe ko zai ce wani abu. Gogan naku sai ya duƙufa yana yanka naman da ya riga ya yanka. A raina na ce, lallai, yau na ga iyakar jarumtar.

Bayan ya tafi saƙonninsa suka fara shigowa.

"Kin yi fushi?"

"A'a."

"Wannan a'ar taki tana da ƙaho."

Na yi banza da shi.

"Gaskiya na faɗa miki don ina son ki. Sana'ata ce. Da ni na zo ina koya miki kwaɓin burodi ai dariya za ki yi."

Na rubuta, "Da ka ce mini shekara goma ta rayuwarka layi ɗaya ce, ba zan yarda ba." Na kife wayar.

Amma fa ku ji, fushi daban, gaskiya daban. Maganarsa ta kwana tana yi mini yawo a kai. Idan har mai karantawa zai zaci ina ɓoye wani abu, to aikin banza na yi. Na Douwe ya mayar da ni mai miƙa burodi kawai. Nawa kuma zai iya mayar da ni abar zargi. Gaba kura, baya sayaki.

Washegari da hantsi na ɗauki kwamfuta na tafi ɗakin Beppe, don nan ne kaɗai Mem ba ta leƙowa ba sallama. Tana kan kujerarta mai lilo, da rigar sanyi ruwan toka da ta saƙa da kanta, gwangwanin alewar na'ana'a a cinya.

"Kin zo ki ƙwace mini miji ne ko kin zo shan kofi?" Haka take kiran Douwe da wasa, wai mijinta.

"Riƙe kayanki, Beppe, na bar miki shi. Taimako nake so. Ki tambaye ni me nake yi a shago, kamar ba ki sani ba."

"Ai ban sani ɗin ba. Ni dai ina ganin ki kina zarya kamar kazar da za ta yi ƙwai."

Ta fara tambaya, ina ba ta amsa ina rubutawa. Wa ke odar fulawa da man shanu da yis? Ni. Wa ya zauna da mai kawo cuku har ya rage farashi? Ni. Wa ke tsara wanda zai zo da asuba da wanda zai zo da rana, a cikin ma'aikata takwas da kowa ke da uzurinsa? Ni. Wa ke tarbar masu duba tsabta idan sun faɗo ba sanarwa? Wa ya samo mana otal ɗin da muke kai wa burodi kullum? Wa ya koya wa sababbin yara aiki?

"To uwar taki me take yi?" in ji Beppe.

"Gashi take yi. Babu mai gashi kamarta a duk yankinmu na Friesland."

"Wannan kuma gaskiya ne, amma kada ki gaya mata na faɗa."

Da na ɗaga kai, takardar ta cika har ta tumbatsa. Na zauna ina kallon ta, idona ya kawo ruwa. Ashe ni ma ban san kaina ba.

Daga nan na yanke hukunci. Na kasa ƙwarewar gida uku: sayen kaya, tafiyar da ma'aikata, tsabta da bin doka. Ban yarda na rubuta "na iya" ko sau ɗaya ba tare da hujja ba. Kowanne na faɗi abin da ya faru da shekarar da ya faru. Sannan a ƙasa, ƙarara, da manyan baƙaƙe, na sa gidan burodin Terpstra, daga shekara kaza zuwa yau, babu giɓi ko na wata ɗaya. Mai neman ƙwarewa ya gani, mai neman shekaru ya gani. Na aika ban gaya wa kowa ba sai Beppe, ita kuwa na saye bakinta da alewa.

Kiran ya same ni ina tsakiyar naɗe wa wani dattijo burodin sikari. Na ga baƙuwar lamba, na ruga bayan buhunan fulawa na ɗauka. Intabiyu, ranar Alhamis. Na dawo na ba dattijon nan burodi biyu a kuɗin ɗaya, yana ta kira na ina ce masa ya je kawai.

Ranar na saka wando baƙi, riga ruwan ƙwai mai ƙaramin wuya, da kwat shuɗi mai duhu da na saya tun bikin wata ƙawata. Na tufke gashina baya, na goge farcena har sau biyu don kada fulawa ta tona mini asiri. Mem, da na ce wa wurin likitan haƙori zan je, ta bi ni da kallo daga bakin tanda.

"Wurin likitan haƙori ake wannan kwalliyar?"

"Intabiyu zan je, Mem."

Ta juya ta buɗe tandar da ba lokacin buɗe ta ba ne.

Wadda ta karɓe ni Madam Postma ce, shugabar sashen, gajeriyar mace mai furfura da tabarau a rataye a wuya. Tagar ofishinta na kallon teku, iska na ta wasa da tutocin jiragen. Ko gama zama ban yi ba ta ɗaga takardata.

"Bari in gaya miki gaskiya, na tsani irin wannan CV."

Na ce a raina, shi ke nan, Douwe ya ci ni da yaƙi.

"Da na gan shi ƙasa na fara dubawa, in ga me ake ɓoye mini. Sai na tarar da shekarunki a shimfiɗe, wuri ɗaya, shekara goma. Shi ya sa na koma sama na karanta." Ta saka tabarau. "Kin ce ana saura kwana kaɗan Kirsimeti mai kawo muku fulawa ya ce motarsa ba za ta zo ba. Ba ni labari."

Nan fa bakina ya buɗe. Na gaya mata yadda na kira masu niƙa ɗaya bayan ɗaya har na samu wani a ƙauye, na ari motar maƙwabcinmu mai sayar da kifi na ɗauko da kaina, muka yi mako shagon na ƙamshin burodi motar na ƙarnin kifi. Ta yi dariya har da buga tebur.

Ta ce, "To ga tawa. Asabar ce ta tsakiyar hutu, jirgi cike da iyalai, mutum biyu a kanti sun kira ba su da lafiya. Ya za ki yi?"

"Zan rage abin da ake sayarwa zuwa wanda ba ya cin lokaci, kofi da abin da aka riga aka naɗe. In kira wanda na san yana son ƙarin aiki, don kullum ina da sunayensu a kai. Idan ba a samu ba, in saka riga in tsaya da kaina."

"Kina jin jiri a jirgi?"

"A bakin ruwa aka haife ni, Madam."

Ta ajiye takardar ta dube ni. "Me ya sa za ki bar mahaifiyarki?"

Wannan ce ta taɓa ni. Na ce, "Ba barin ta zan yi ba. Ita ta koya mini duk abin da ke takardar nan. So nake in gani ko zai yi aiki a inda ba ta tsaye a bayana."

Ba a rufa mako ba saƙon ya shigo. Sun ɗauke ni! Jama'a, ni Rinske mai layi ɗaya! Na karanta a tsaye, na karanta a zaune, na shiga ɗakin ajiya na rufe ƙofa na yi rawa tsakanin buhuna har na ture kwandon zabibi.

Saura babban dutse. Na jira har muka rufe shago da yamma, Mem na goge teburin kwaɓi. Na gaya mata. Ta ci gaba da gugar wuri ɗaya kamar za ta huda katakon.

Can ta ce, "Kawo takardar in gani. Wadda kika aika musu."

Na miƙa mata. Ta goge hannu a jikin riga, ta saka tabarau, ta karanta tun daga sama, bakinta na motsi. Da ta kai ƙasa ta daɗe a wurin.

"Duk ke kike yin wannan?"

"Eh, Mem."

"Ni ina can ina fama da wuta, na zata abubuwan da kansu suke tafiya." Ta ja hanci. Sai kuma ta ɗaure fuska, ta buga takardar da yatsa. "Amma kin yi sakaci. Ina shekarar da tanda ta mutu ana gobe bikin gari, kika roƙi gidan burodin garin Franeker suka ba mu aron tasu? Wannan ai shi ya kamata ya zo farko. Da kin tambaye ni da na gaya miki."

Na rungume ta, fulawa da hawaye suka haɗu suka ɓata mini riga. Tana bubbuga bayana tana cewa, "Sake ni, sake ni. Kuma kafin ki tafi sai kin koya wa wani wannan rabon aikin naki, don ni ba zan iya da rigimar yaran nan ba."

Beppe da ke zaune a lungu tana sauraro ta ce a yanka kek mai ruwan hoda, irin na biki, ita za ta fara ci.

Sai na tura wa Douwe hoton saƙon kamfanin, ban ƙara ko kalma ba.

Amsarsa ta zo nan take. "RINSKE!" Sai wata: "Da wanne kika aika?"

"Da nawa. Amma na ari shekarunka na sa a ƙasa."

"Na sara miki. Gobe zan duba kwandon sharar ofishinmu, wataƙila na zubar da mutanen kirki."

Ina murmushi ina shirin ba shi amsa sai ga wani saƙon. "Ina hanya. Ki same ni a ƙofar baya, ke kaɗai. Akwai magana."

Na wanke fuska, na canza riga zuwa koriya mai ɗigo-ɗigo da yake so, na fita. Yana tsaye jikin kekuna, da kwat ɗinsa na zuwa ofis, gashinsa duk iska ta hargitsa. Ya rungume ni ya ɗaga ni sama, yana cewa yana alfahari da ni, kuma na ga gaskiyar hakan a idonsa. Sannan ya sauke ni.

Ya ciro ƙaramin akwati daga aljihu ya buɗe. Zobe ne, siriri, mai ɗan dutse fari.

"Kin ce sai kin tsaya da ƙafarki. Yau kin tsaya." Ya miƙo mini akwatin. "Amma kafin ki amsa, akwai abin da ya kamata ki sani. An ƙara mini girma. Rotterdam za su mayar da ni, farkon wata mai zuwa. Na riga na sa hannu."

Rotterdam, can uwa duniya. Ni da zan fara aiki a tashar da ke bayan gidanmu, a farkon shi wannan wata mai zuwan.

"Yaushe ka sa hannun?"

Kafin ya buɗe baki, tagar kicin ta buɗe a bayanmu. Mem na ƙoƙarin jan Beppe ciki, amma tsohuwar ta riga ta turo kai waje, da kek a hannu.

"Ke Rinske! Tunda shi mai son bin shekaru ne, ce masa ya jero miki daki-daki. Wanne ya fara, sa hannun ko sayen zoben?"

Douwe ya kalli tagar, ya kalli zoben, ya kalle ni. Kunnuwansa suka yi jawur.

Ni kuwa na naɗe hannuwana a ƙirji, na jingina da bango, na ce, "Ka ji tambayar matarka. Ba sauri nake ba, Douwe. Fara daga farko."